Ƙafar da Aka Rufe da Alharini

Daeng Nompo bai taɓa karɓar baƙo kansa babu hula ba. Duk tsibirinmu an san shi da wannan. Daeng ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na maza da mata. Ko mai sayen busasshen kifi ne ya hau matakalar gidansa, sai ya dakata a ƙofa tukuna, maigidan ya gyara ɗaurin zane, ya ɓalla maɓallin wuya, sannan a ce bismilla. Ɗakinsa na gaba kullum a share yake: kujerun katako masu matashi, labule mai fure, hoton Ka'aba, da kabad cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci da su ba.

Abin da ke bayan labule kuwa tsakaninsa da iyalinsa ne. Can kwanon rufi ya ci tsatsa yana yoyo. Goran daɓe ya karye wuri-wuri, har kana hango kaji suna tono a ƙarƙashin gida, don a kan turaku gidajenmu suke. Tun da gwiwa ta hana shi fita kamun kifi gyaran ya fi ƙarfinsa, kuma ya gwammace ruwa ya zuba masa a ka da ya buɗe baki ya ce wa surukinsa zo ka taya ni.

A bayan wannan labulen matarsa Daeng Kanang take kwance.

Ɓawon kawa, wata dabbar teku mai kaifin ɓawo, ta taka a bakin ruwa tana shanya ciyawar teku, ya tsaga mata tafin ƙafar hagu. Ga shi tana da ciwon suga. Nas ɗin ƙaramin asibitinmu ta sha gaya mata ta kula da ƙafafunta, to amma nas ta tafi garinsu haihuwa, ba a turo wata ba. Sai Daeng Nompo ya yi abin da masunta ke yi in ƙugiya ta kama su: ya wanke ciwon da man gas na injin jirgi, ya cusa garin kofi, ya ɗaure da tsumma. Shi a jikinsa hakan ya sha yi masa aiki. Ita ƙafa sai ta hau. Daga baya ta fara wari, zazzaɓi ya biyo.

Lokacin iskar yamma ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa, teku kuma ba ta haye wa kowa sai dole. Rosmini, 'yarsu da ke aure a ƙarshen unguwa, ita ta nemo lambar da nas ta bari. Akwai likita a birnin Makassar, can ƙetaren teku, da ke duba mutanen tsibirai ta waya, tana ganinka kana ganinta. In ta ce a sha magani a gida, a sha. In ta ce a haye, sai ta sa mota ta jira a tashar jirgi.

Safiyar da aka ba su ta ganin likita, Allah da ikonsa, iska ta kwanta. Rosmini ta shigo tana karkaɗe lema.

"Baba, Sahabu ya ce in gaya maka ya zuba mai a jirgi. In likita ta ce a haye, yau ce ranar. Ya ce wannan lafawar ba mai daɗewa ba ce."

"Mijinki ya cika gaggawa. Wane ne likitan?"

"Mace ce. Andi Tenriola."

Daeng Nompo ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Andi kika ce?"

"Haka aka rubuto."

Andi ba suna ne da ake tsinta a hanya ba, jinin sarauta ne kaɗai ke ɗauke da shi. Kakan Daeng Nompo matuƙin jirgin wani Andi ne har ya mutu, kuma bai taɓa zama a kan abin da ya kai kujerar ubangidansa tsawo ba. Dattijon ya waiga ya dubi bango mai baƙin hayaƙi, ya dubi bokitin da ke tarar yoyo, ya dubi tsumman da ke ƙafar matarsa.

"Ba a nan za a yi ba," ya ce. "Nan babu sabis."

"Baba, a nan fa nake kiran yayana kullum."

"Na ce babu."

Aka ɗauko zanen alharini na bikin Rosmini daga ƙasan akwati, yana ƙamshin kafur. Aka sa wa Daeng Kanang farin mayafi. Ita da kanta ta ce a miƙo mata garin shinkafa ta shafa a fuska, don kada 'yar mutane ta ce daga kabari aka tono ta. Suka riƙe ta hagu da dama har ɗakin gaba, tana cije leɓe, suka zaunar da ita a babbar kujera. Daeng Nompo ya durƙusa ya tura ƙafar hagu can ƙarƙashin kujera, ya ja alharini ya sauko har ƙasa. Ya kunna turare. Sannan ya buɗe kabad, ya ciro kofin tangaran mai bakin zinariya, ya ce a zuba shayi, a kawo wainar ayaba a faranti.

"Wa zai sha?" in ji Rosmini.

"Baƙuwa."

"Baba, a waya take!"

"Ko a kwalba take, gidana ta shigo."

Daeng Kanang ta yi 'yar dariya duk da zafin jikinta. "Ƙyale shi, 'yar nan. Ni shekara nawa ina wanke kofin nan, ban san ɗanɗanon bakinsa ba. Yau waya za ta riga ni."

Waya ta yi ƙara. Fuska ta bayyana, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Rosmini ba, da tabarau, idanunta duk gajiya. Daeng Nompo ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Ga ɗan ruwan zafi, a yi haƙuri da mu."

Likita ta yi murmushi. "Na gode, Baba, na sha da ido. Inna, ina kwana? Me ke damun ki?"

Daeng Kanang ta buɗe baki, mijinta ya riga ta. "Ɗan zazzaɓi ne, ranki ya daɗe. Na sauyin iska."

Ta tambayi tun yaushe, ta tambayi tari, ta tambayi fitsari da cin abinci. Ta sa Rosmini ta matso da waya, Inna ta fito da harshe, ta ja fatar ido. Duk abin da aka tambayi matar, mijin ke amsawa, kuma kowace amsa sai ya rage mata nauyi, kamar mai ba da haƙuri don sun dame ta.

"Na ga a bayanan nas akwai suga," in ji likita. "Akwai rauni a jiki? Musamman ƙafa."

Rosmini ta dubi alharinin da ya sauko har ƙasa.

A wurinmu ko yaro ya san ba a miƙe ƙafa ana fuskantar babba. Tafin ƙafa shi ne ƙarshen ƙasƙanci a jikin mutum, ba a nuna wa baƙo shi, balle 'yar sarauta, balle kuma tafin da ya ruɓe, cike da garin kofin da kai ka cusa da hannunka. Wannan duka ya wuce ta zuciyar Daeng Nompo a lokaci guda. Ba na ce bai san ƙafar ta yi muni ba. Ya sani. Hancinsa lafiya lau yake.

"Ɗan ƙwarzane ne, ranki ya daɗe. Ya ma kame."

"A nuna min."

Ya matsa, ya ɗaga bakin alharini kaɗan, ya fito da ƙafar dama. Bayanta kawai ya nuna, yatsu suna kallon ƙasa, yadda ladabi ya tanada. Akwai wani tsohon tabo a idon sawu, ya ɗora yatsa a kai.

"Ɗayar fa?"

"Duk ɗaya suke, ranki ya daɗe."

Rosmini ta ja numfashi za ta yi magana. Uban ya ɗago ya dube ta, irin kallon da ta sani tun tana rarrafe. Ta haɗiye. Ya dubi matarsa. Daeng Kanang ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Hoton ya tsaya cak, ya dawo, muryar likita tana yankewa. Ana jin wani a bayanta yana cewa mutanen wani tsibirin suna jira.

"To, alhamdu lillahi. A ba ta maganin zazzaɓi, akwai shi a kanti. Ta sha ruwa sosai, kada ta bar na suga. Ban ga abin da zai sa ku wahalar da ita a teku ba. Amma in wani abu ya sauya, ku kira ni, ko ba ranarku ba ce."

"Mun gode, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Fuskar ta ɓace. Rosmini ta kife wayar a kan tebur har shayi ya fantsama.

"Baba, ƙarya fa ka yi mata."

"Ke! Da wa kike?"

"Da kai nake. Ƙafar da ba ta ciwo ka nuna."

"So kike in ɗaga ruɓaɓɓen tafi in manna wa 'yar sarauta a fuska? A gidana? Gobe a ce gidan Nompo ba a san mutunci ba?"

"Wa zai ce? Wa ya gani? Mu uku ne a ɗakin!"

"Ni na gani."

Ta sauka matakala tana kuka. Sahabu ya jira a bakin ruwa har azahar, da bai ji kira ba ya ja jirginsa tudu ya ɗaure. Kafin la'asar gajimare ya haɗo daga yamma, teku ta koma yadda take.

Aka mayar da Daeng Kanang bayan labule, aka ninke alharini. Maganin kanti yakan saukar da zazzaɓi, ya sake hawa. Rosmini tana zuwa da kunun shinkafa, ta ba uwarta, ta fita ba ta dubi uban ba. Shi kuma ya rage zuwa masallaci, wai gwiwa. Gaskiyar ita ce ba ya son a tambaye shi me likita ta ce, don duk wanda ya tambaya sai ya sake yin ƙaryar, kuma kowane maimaici ya fi na baya ɗaci a bakinsa.

Wata safiya matar ta ce masa, "Daeng, ƙafar ta daina ciwo."

Ya ji sanyi har cikin ransa. "Ba na gaya muku ba? Kofi ba ya ƙarya."

Ya ɗauko gwangwanin kofi zai sabunta ɗauri. Ya warware tsumma. Abin da ya gani ya sa gwangwanin ya suɓuce, ya bi ta ramin gora ya faɗa ƙarƙashin gida, kaji suka watse. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi. Ja ya haura ya wuce idon sawu. Ya taɓa babban yatsa, sanyi ƙalau.

"Kin ji na taɓa ki?"

"Ka taɓa ni ne?"

Ya zauna daɓas. Ta juyo da kai ta dube shi, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, amma bakin nan nata yana nan.

"Daeng, ban tambaye ka ba. Baƙuwarka ta sha shayin kuwa?"

Ya kafa wa baƙaƙen yatsun ido.

"Ni ma na yi shiru ranar," ta ce a hankali. "Ka dube ni, na yi shiru. Tun ina yarinya nake rufa maka asiri, har na saba. Amma ina so in taka zuwa bikin jikata da ƙafata, Daeng. Ko da saura ne."

Mutanen da ke zaune a rumfar gyaran komar kamun kifi sun ga abin da ba su taɓa gani ba ranar. Daeng Nompo ya ratsa unguwa cikin ruwan sama, babu hula, babu lema, da singileti mai huji, yana jan gwiwa. Wani ya ɗaga murya, "Daeng, hular ta tafi kamun kifi ne?" Ko waiwaye bai yi ba. Ya tsaya a gindin matakalar surukinsa, gidan da bai taɓa zuwa da roƙo ba, ya kira 'yarsa.

"Rosmini. Zo da wayar."

Suka dawo tare. Ta nufi ɗakin gaba, ya ce, "A'a. Ciki." Ya ɗaga labulen da kansa, ya rataye shi a ƙusa.

Sai da suka kira suka sake kira kafin likita ta samu sarari. Da fuskarta ta fito, ya miƙa hannu ya karɓi wayar. Bai taɓa riƙe ta ba, har ya rufe idon da babban yatsa, sai da Rosmini ta gyara masa. Sabis kuwa ya kawo tas, ko yankewa babu. Likita tana ganin komai: baƙin bango, bokiti, ruwa yana ɗiga a ciki.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Rannan ƙarya na yi miki. Ba ƙafar ke nan ba."

Ya jira faɗa. Da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi.

"Nuna min, Baba."

Ya durƙusa, ya sa hannun hagu a ƙarƙashin diddigen matarsa ya ɗaga, ya juya wayar. Daga nesa ya tsaya, kuma a karkace.

"Matso. Tafin nake so. Ƙara matsowa, Baba, har sai ya cika min fuska."

Ya matsa. Ya kawar da kansa gefe, kunnuwansa suna zafi.

"Kada ka juya, ina bukatarka. Ni daga nan ba ni da hannu, ba ni da hanci. Abin da ka nuna min shi kaɗai nake gani, abin da ka gaya min shi kaɗai na sani. Yana wari?"

"Yana yi."

"Kamar me?"

"Kamar kifin da ya kwana a rana."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki... tun kafin zuwanki na farko."

"Danna sama da idon sawu. Da zafi wurin? Yatsanka ya bar rami? Wannan baƙin garin fa, mene ne?"

"Kofi ne. Da man gas."

"Wa ya sa?"

Rosmini ta buɗe baki za ta ce su duka ne. Ya girgiza mata kai. "Ni ne."

Likita ta cire tabarau ta murza ido. "Ni ma da nawa. Na ce ɗayar fa, aka ce duk ɗaya, na yarda don ana jira na. Da ma na nace."

Wannan maganar ta fi mari. 'Yar sarauta tana ɗaukar rabin kayan da shi ya ɗaura. Ya so ƙasa ta tsage, sai dai gidan a kan turaku yake, ƙasar ma ta yi masa nisa.

"Yanzu ku saurara. Yau za ta haye, ba gobe ba. Ba ƙafa kaɗai muke tsoro ba yanzu. Ku wanke da dafaffen ruwa, ku rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a ƙara sa komai. Akwai mai jirgin da zai iya da wannan iskar?"

Daeng Nompo ya dubi 'yarsa. "Je ki ce wa Sahabu..." Ya tsaya. "A'a. Ni zan je."

Yadda suka haye, waɗanda suka shiga jirgin ba sa son ba da labarinsa. Sahabu yana riƙe da inji, Rosmini tana kwarfar ruwa, dattijon ya rungume ƙafar a ƙirjinsa don kada ta bugu da katako. Mota tana jira a tasha kamar yadda aka ce. A asibiti wani likitan ne ya yi aikin, namiji. Aka yanke gaban ƙafar, aka bar mata diddige. Ita Andi Tenriola bai taɓa ganinta ido da ido ba, a wani ginin take, gaban na'urarta, tana duba mutanen wasu tsibiran.

Bayan sun dawo gida aka ci gaba da duba ciwon ta waya. A kira na farko ya tambayi abin da ke cin sa.

"Ranki ya daɗe, da mun haye ranar da iska ta kwanta, da an yanke?"

Ta dube shi ta cikin gilashi. "Allah ne ya sani, Baba."

Ya gane. Bai sake tambaya ba.

Likita ta ce ɗakin baya ya yi laima, kuma dole ƙafar ta zauna a ɗage. Sai aka kawo gadon Daeng Kanang ɗakin gaba, aka ture kujeru gefe. Yadda ɗakin yake, babu ta inda gadon zai shiga sai ƙafa ta fuskanci ƙofa. Duk wanda ya hau matakala, abin da zai fara yi masa maraba shi ne dungun nan a kan matashi, naɗe da farin bandeji. A baya kuma ana jin ƙarar guduma, Sahabu yana sauya kwano.

Ranar da liman ya zo dubiya, Daeng Nompo yana zaune a bakin gado. Yana jin sallama hannunsa ya tafi da kansa, ya kama bakin zane zai ja ya rufe. Matar ta kafe shi da ido. Ya saki zanen. Liman ya zauna, ƙafar tana duban gemunsa, aka yi addu'a aka shafa. Har ya tafi maigidan bai iya ɗaga ido ba.

Da ranar kira ta zagayo, Rosmini ta shigo da waya. Ta tarar uban ya riga ya wanke hannu, ya warware bandeji, ya durƙusa a ƙarshen gado.

"Baba, a ciro kofin tangaran?" ta ce, tana danne dariya.

"Ciro," in ji Daeng Kanang daga kan matashi. "Ki zuba, ki miƙo min nan. Na biya kuɗinsa da yatsuna."

Aka zuba mata. Ta kurɓa, ta ce ashe ma bakinsa kaifi ne da shi. Waya ta yi ƙara. Daeng Nompo ya karɓa, ya yi gaisuwa a taƙaice, ya sa hannu ƙarƙashin diddigen matarsa ya ɗaga. Kunnuwansa suka yi ja, kamar yadda suke yi kowane karo. Ya matso da wayar tun kafin a ce ya matso.